Yadda ake aiki da asidin maiƙo mai shaida a labo, daga saye har lissafi

Duk wanda ya taɓa ɗora buhun aya ko na gujiya a mota daga Babbar Kasuwar Maraɗi ya san abin da ake yi kafin ƴan dako su ɗauka: a sa wa buhu shaida. In mota ta isa, cikin buhu ɗari biyu masu kama ɗaya, da shaidar nan mai kaya zai gane nasa. Mai binciken maiƙo ma matsalarsa ke nan. Ka ba mutum cokali ɗaya na man gujiya, wadda ƴan Kano ke kira gyaɗa, ya shiga jini ya gauraya da kitsen da ke jikinsa tun bara. Wanne ne naka? Ba ka da hanyar sani sai in ka sa masa shaida tun kafin ya shiga.

Asidin maiƙo sarƙa ce ta ƙwayoyin karbon da haidirojin, da kai mai tsami a ƙarshe ɗaya. Palmitik karbon 16 gare shi, shi ne kusan kashi 44 cikin ɗari na manja. Oleyik yana da 18, shi ya fi yawa a man gujiya da man aya. Shaidar da ake sa musu nauyi ce kawai. Karbon na yau da kullum nauyinsa 12, amma kusan kashi 1.1 cikin ɗari na karbon ɗin duniya nauyinsa 13. Haidirojin ma yana da ɗan'uwa mai nauyi biyu, diyuteriyom, kusan ɗaya cikin 6,400. Waɗannan su ake kira izotop. Kamfani zai ƙera palmitik wanda aka cika shi da masu nauyin. Jiki zai ɗauke shi kamar na kullum, na'ura mai auna nauyi kuwa za ta gane shi nan take.

A ƙasarmu da ka ce izotop sai hankalin mutane ya tafi Arlit da yuraniyom. Karbon-13 da diyuteriyom ba sa fitar da tururin nukiliya, ba sa ruɓewa, kuma suna cikin tuwon da ka ci jiya. Masu tururin su ne karbon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730, da tiritiyom mai shekara 12.3. Su suna buƙatar lasisi da ɗaki na musamman, kuma ba su nake magana a kai ba.

Dabarar tsohuwa ce. A 1904 Franz Knoop a Jamus ya liƙa wa asidin maiƙo wani zoben sinadari ya ba karnuka, ya duba fitsarinsu, ya gano jiki yana yanke sarƙar karbon biyu-biyu. A 1935 Rudolf Schoenheimer da David Rittenberg a Jami'ar Kolombiya ta birnin New York suka ba ɓeraye mai da aka sa wa diyuteriyom. Kafin su ana ɗaukar kitsen jiki kamar rumbu ne da ba a buɗewa sai an shiga yunwa. Sai suka tarar kullum ana zubawa ana ɗiba.

Da farko, ka san aikin da za ka ba shi

Aiki biyu ne, kuma ɗalibai suna yawan cakuɗa su. Na ɗaya, ɗan rakiya: kana son sanin yawan palmitik a jini, ko nonon uwa, ko man da aka tatsa, sai ka zuba adadin da ka sani na mai shaida ya raka samfurin har gaban na'ura. Na biyu, mai bin sawu: ka ba mutum ko dabba ko ƙwayoyin halitta mai shaidar, ka bi shi ka ga inda ya nufa, ko an ƙone shi, ko an ajiye, ko an mayar da shi wani asid. Shawarata ga mai shirin kundin digiri, a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko wani wuri, ya fara da na ɗaya. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma wanda hannunsa bai faɗa a kansa ba, na biyu zai ba shi kunya.

Zaɓe da saye

Koyi karanta abin da ke jikin kwalba. In ka ga d31, an musanya haidirojin 31 na sarƙar palmitik da diyuteriyom. Nauyinsa ya tashi daga 256.4 zuwa kusan 287.6. In ka ga U-13C16, duk karbon 16 ɗin masu nauyi ne. In 1-13C ne, karbon na kai kaɗai aka canja. Ga ɗan rakiya ka nemi mai tazarar nauyi aƙalla 3, don kada ya hau kan inuwar na halitta, wato ƙwayoyin palmitik na kullum da ke ɗauke da ɗan karbon-13 tun asali. D31 ya wadatar kuma ba ya cikin masu tsada. Ga gwajin numfashi, wanda zan yi bayaninsa a gaba, dole karbon-13, domin shi ke fita a iskar karbon da muke fitarwa da numfashi, diyuteriyom kuwa ruwan jiki yake shiga. Tsarkin shaidar ya kai kashi 98 ko 99 cikin ɗari, kuma ka ajiye takardar da ta zo da shi.

Ga wani tarko. Maiƙon da ke cikin man gujiya ko nono ba sakakke ba ne. Asid uku-uku ne ɗaure a jikin gilisarol. In ka sa sakakken palmitik ya yi rakiya, ba zai gaya maka ko kwancewar ɗaurin ta kammala ba, tunda shi ba a ɗaure yake ba. Ga irin wannan samfur, tirifalmitin mai shaida, wato palmitik uku ɗaure a gilisarol, ya fi dacewa. Ɗan rakiya nagari shi ne wanda zai sha duk wahalar da samfurin zai sha.

Masu sayarwa sanannu ne: Cambridge Isotope Laboratories, Sigma-Aldrich, Cayman Chemical, da Larodan ta Suwidin. Miligiram 100 na palmitik d31 zai yi maka samfuri dubbai, kada ka sayi giram. Palmitik jarumi ne, sai zafi ya kai digiri 63 yake narkewa, zai jure hanya. Asidai irin su linoleyik da DHA da arakidonik kuwa raggaye ne: zafi da haske da iska suna lalata su, kamar yadda man da ya daɗe a rana ke canja wari. Su ka yi odarsu su iso tsakanin Disamba da Janairu, lokacin ɗari, kada su kwana a sito cikin Afrilu. Ka haɗa da wasiƙar shugaban labo mai cewa kayan ba su da tururin nukiliya, don kalmar izotop a jikin kwali kaɗai ta isa ta tsayar da shi a duwan.

Wanke kwalabe

Wannan matakin ne ake rainawa, shi ne kuma ke kashe aiki. Palmitik da sitiyarik suna ko'ina: a yatsunka, a sabulu, a man shafawa, a bututun roba. Lokacin hunturu da kowa ke shafe hannu da mai saboda kaushi, abin ya fi muni. Ka yi aiki da kwalaben gilashi masu murfin Teflon. Bayan wanki ka ɗauraye da metanol sannan da hegzan. In akwai tanderun labo ka gasa su a digiri 450 na awa huɗu, ka rufe bakinsu da takardar alminiyom don ƙura. Safar hannu kullum. Kuma a kowane zagaye ka haɗa da kwalbar wofi guda biyu, wato waɗanda za su bi duk matakan, da ɗan rakiya a ciki, amma ba samfur. Abin da ka gani a cikinsu dattinka ne, za ka cire shi daga lissafi.

Haɗa ruwan uwa

Fito da kwalbar daga firiza ka bar ta sanyin ya sake ta, ta kai zafin ɗaki kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa za ta shiga. Auna miligiram 10 a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, ka kashe fanka, ka rubuta ainihin abin da sikeli ya nuna, ko 10.3 ne ko 9.8. Narkar da shi a etanol har ya cika mililita 10 daidai. Ka samu miligiram 1 a kowace mililita. In tirifalmitin ne, kulorofom za ka sa, don ba ya narkewa sosai a etanol.

Daga nan ka raba shi ƙananan kwalabe goma masu launin ruwan ƙasa, ka busa musu iskar azot, wato naitirojin, ka rufe, ka sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Rabawar tana da dalili biyu. In kuran ya ɗauke aka yi ta ɗumama ana sanyaya, ba duka za ka yi ta buɗewa ba. Sannan a zafin garin nan, duk buɗewa ɗaya wani abu na etanol yana tashi, ruwan ya ƙara kauri ba ka sani ba, kuma daga ranar duk lissafinka ya karkace. Ni nakan auna nauyin kowace kwalba bayan na rufe ta, in rubuta a jiki, in sake aunawa kafin buɗewa ta gaba. In ta ragu, na san barasar ta gudu. Ka kuma cika sararin firiza da gorunan ruwa su zama ƙanƙara. Su za su riƙe sanyi kafin a tada grup.

Zuba ɗan rakiya, kafin komai

In ba ka riƙe komai daga rubutun nan ba, riƙe wannan. Ɗan rakiya shi ke fara shiga kwalba, tare da samfur, kafin a zuba wani sinadari, kafin girgizawa, kafin tacewa.

Wata ɗaliba da na taɓa dubawa ta yi sati uku tana tatsar maiƙo daga ruwan jini guda arba'in. Da sakamako ya dawo, samfur ɗaya da ta maimaita sau uku ya ba da amsa uku mabambanta. Na tambaye ta yaushe take zuba d31. Ta ce, "Malam, a ƙarshe nake sawa, dab da rufe ƙaramar kwalba, don kar ya zube a hanya, ai tsada gare shi." Na ce, "Ƴata, ai zubewar ita ce aikinsa." In kashi 30 na maiƙon samfur ya maƙale a jikin gilashi ko ya tafi da ruwan sama, kashi 30 na ɗan rakiya ma ya tafi, ma'aunin da ke tsakaninsu bai motsa ba. Ita ta aika mai rakiya ya tari ayari a ƙofar gari, bai ga abin da ya faru a daji ba. Sauran ruwan jinin da ke firiza ne ya cece ta.

Nawa za ka zuba? Kusan daidai da abin da kake tsammani a samfur. Ga mikrolita 50 na ruwan jini, mikrogiram 20 ya yi, wato mikrolita 20 na ruwan uwa. Da sirinjin gilashi za ka ɗiba. Bakin fifet na roba yana ɗigar da barasa, musamman da zafi.

Tatsar maiƙo

Hanyar da Jordi Folch da abokansa suka wallafa a 1957 har yau ita ce uwa. Kulorofom kashi biyu, metanol kashi ɗaya, da ɗan sinadarin BHT kamar miligiram 5 a mililita 100 don ya hana lalacewa. Zuba mililita 3 a kan samfurin, girgiza minti biyu, bar shi minti ashirin. Ƙara mililita 0.7 na ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari, sake girgizawa, sannan ka juya a na'urar wulwulawa minti biyar zuwa goma. Zai rabu gida biyu da wani farin fatar furotin a tsakani. Na ƙasa shi ne naka. Zura dogon bututun gilashi ta gefen fatar, kana ɗan hura iska yayin wucewa don kar ruwan sama ya shiga, ka zuƙo na ƙasa zuwa sabuwar kwalba. Kada ka yi kwaɗayin ɗigon ƙarshe. Ɗan rakiya ya riga ya biya maka shi.

Kulorofom yana taɓa hanta, metanol yana makantarwa. A ƙarƙashin rumfar zuƙe hayaƙi ake wannan aiki, kuma in kuran ya ɗauke rumfar ta tsaya, kai ma ka rufe kwalabe ka tsaya. Wasu littattafai za su ce ka yi amfani da sinadarin da ake kira ita (ether), wato wanda ake sumar da mutane da shi a da. Shi a digiri 35 yake tafasa. A Maraɗi cikin Afrilu da kansa zai tafasa a kan tebur, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Bar shi. Aikin sinadarai masu tashi duka na fi son a yi shi da sassafe.

Busar da abin da ka zuƙo da iskar azot a hankali, zafi kada ya wuce digiri 40, kuma da ya bushe ka ci gaba, kar ka bar shi a buɗe.

Mayar da shi mai tashi

Na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ta auna nauyin kowanne, tururi take karantawa, asidin maiƙo kuwa ba ya son tashi. Sai an liƙa masa metil a kai, wato ɗan guntun sinadari mai karbon ɗaya da ake samu daga metanol. Littattafai da yawa suna ambaton sinadarin BF3 a metanol, mai kashi 14 cikin ɗari, amma yana tsufa da wuri, balle a zafi, kuma tsohonsa yana ɓata asid masu rauni. Ni na fi son asid sulfurik kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a metanol: ana samunsa, kuma sabo kake haɗawa. Asid ake ɗigawa cikin metanol mai sanyi, sannu-sannu, ba a juya tsarin.

Narkar da busasshen maiƙon a rabin mililita na toluwen, ƙara mililita 2 na haɗin, busa azot, ɗaure murfi tamau, dafa a digiri 80 na awa biyu. Ana iya yi a digiri 50 a kwana, amma wa zai lamunce maka wuta har asuba? Ja layi da alƙalami a daidai bakin ruwan kafin dafawa. Kwalbar da ta sauka ƙasa da layi murfinta na yoyo. Bayan ta huce, zuba mililita 2 na ruwan gishiri da mililita 1 na hegzan, girgiza. Wannan karon na sama ne naka.

Akwai hanya mai sauri da sodiyom metoksid, amma ka sani ba ta taɓa sakakken asid. In ɗan rakiyarka sakakke ne ka bi ta nan, ba za ka gan shi a na'ura ba sam. Kuma alkali mai ƙarfi da zafi suna iya fizge diyuteriyom biyu da ke maƙwabtaka da kai, nauyin ya ragu.

In na'urar da za ta karanta tana wani gari, Yamai ko Zariya ko ƙetare, a wannan matakin ya fi kyau a aika: cikin hegzan da BHT, ƙananan kwalabe a rufe da azot, a kula da ƙanƙara. Daga nan zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, yini guda a mota. Ko hegzan ya ɗan tashi a hanya ba komai, ma'aunin bai canja ba.

Karatu da lissafi

Palmitik da aka liƙa wa metil nauyinsa 270. Na d31 301. Na U-13C16 286. Gaya wa mai na'ura ya sa ta ta zuba ido kan waɗannan lambobi kaɗai, ta fi gani sosai a haka. Wasu suna bin guntayen da ke ɓallewa daga ƙwayar cikin na'ura, ɓallin 74 da takwaransa 77, sun fi ƙarfi, amma 270 da 301 sun fi tabbas. Kar ka firgita in ka ga tudun d31, wato tashin layi a zanen da na'ura ke fitarwa, ya riga na halitta fitowa da ɗan lokaci. Haka masu diyuteriyom suke. Na karbon-13 kuwa tare suke fitowa da na halitta.

Kafin samfura, ka shirya kwalabe biyar ko shida na gwaji: d31 adadi ɗaya a duka, palmitik na kullum kuma yana hawa, daga mikrogiram 2 har 100. Su za su nuna maka ko na'urar tana ganin biyun da ido ɗaya.

Mu ɗauka tana ganinsu daidai, kuma faɗin tudun 270 ya ninka na 301 sau 1.5. Mai gaggawa zai ce 20 sau 1.5, mikrogiram 30. Kuskure. Na'ura ƙwayoyi take ƙirgawa, kuma ƙwayar d31 ta fi nauyi. Raba 20 da 287.6, ka samu nanomol 69.5, wato ma'aunin yawan ƙwayoyi. Sau 1.5, nanomol 104.3. Sau 256.4, mikrogiram 26.7 a mikrolita 50, wato kusan 535 a mililita. Mai gaggawa da ya rubuta 600, ya yi sama da kusan kashi 12 cikin ɗari. Sannan ka cire abin da kwalbar wofi ta nuna.

Wanda ya yi aiki da 1-13C yana da ƙarin lissafi. Nauyinsa 271, amma palmitik na halitta ma yana da inuwa a 271, kusan kashi 19 cikin ɗari na tudun 270, saboda karbon 17 da ke jikinsa kowanne yana iya zama mai nauyi. Dole a auna samfur kafin a ba da shaida, a cire wannan inuwa.

In ka koma bin sawu

Ga ƙwayoyin halitta da ake renonsu a faranti, ba a zuba palmitik tsagwaronsa, zai dunƙule ya kashe su. A jini ma a kan wani furotin mai suna albumin yake hawa. Narkar da gishirinsa na sodiyom a digiri 70, ka ɗiga shi cikin albumin na shanu wanda aka cire wa maiƙo, yana digiri 37, kana motsawa awa ɗaya, sannan ka tace. Ƙwayar asid biyu zuwa uku ga albumin ɗaya ya fi kusa da yanayin jiki. Shida ga ɗaya na masu son gallaza wa ƙwayoyin ne. Faranti ɗaya ya samu albumin zalla don kwatance.

Ga mutane kuwa, ba a fara komai sai da izinin kwamitin ɗa'ar binciken lafiya, da yardar mutum bayan an yi masa bayani da Hausar da yake ji, kuma sai da kayan da aka ƙera don a ba ɗan Adam. Irin wannan aiki ya amsa manyan tambayoyi. A 2002 Graham Burdge da abokansa a Southampton ta Ingila suka ba matasa asidin alfa-linolenik mai karbon-13. A mata kusan kashi 21 cikin ɗari ya koma wani asidin maiƙo mai suna EPA, kashi 9 ya koma DHA, wanda ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata. A maza EPA bai wuce kusan kashi 8 ba. Ga uwa mai shayarwa a ƙauyen da kifi sai an je tabkin Madarunfa, wannan tambaya ce da ta cancanci a yi mata a nan gida.

Mafi sauƙin farawa shi ne gwajin numfashi. Ana sa kusan miligiram 100 na asidin oktanoyik mai karbon-13 a gwaiduwar ƙwai a soya, mutum ya ci da burodi bayan ya kwana bai ci komai ba. Da abincin ya bar tumbi, hanta ta ƙone asidin, shaidar ta fito a numfashi. Da haka ake auna saurin saukar abinci daga tumbi; masu bincike a Leuven ta Beljiyom suka fito da shi a 1993. Mutum ya hura ta tsinken shan lemo cikin kwalbar gilashi mai murfin roba, sau biyu kafin cin abinci, sannan duk minti 15 har awa huɗu, yana zaune, don zirga-zirga tana ƙara iskar karbon. Daɗin abin, kwalaben numfashi ba sa buƙatar firiza.

Sai dai a nan ne takardar da aka rubuta a Turai ke tuntuɓe da kwanon furarmu. Tsirrai kashi biyu ne wajen kama karbon. Alkama, shinkafa, wake, rogo, dankali da gujiya suna ƙyamar karbon-13, ma'auninsu yana wajen 27 ƙasa da sifili a cikin dubu. Hatsi, wato gero, da dawa da masara da rake ba sa ƙyamarsa sosai, nasu wajen 12 ko 13 ƙasa da sifili. Aya ma, da muke taƙama da ita, a wannan gida take. Ma'ana, Bamaraɗe da ya tashi da fura da tuwo, numfashinsa tun asali ya fi na Bafaranshe karbon-13. Har naman da nonon dabbar da ta ci kara da dusa, da ƙwan kazar da ta tsinci hatsi, suna ɗauke da wannan alama.

Yawan kaɗai da ba matsala ba ne, da sai a cire. Matsalar ita ce yana motsi. Mutum ya kwana yana ƙona abin da hantarsa ta tara daga tuwon dawa, da safe ka ba shi burodin alkama. Yayin da shaidarka ke tura ma'auni sama, burodin yana jan shi ƙasa, kai kuma kana ɗauka layin farko yana nan inda ka bar shi. A babban allurai na shaida ɓarnar kaɗan ce. A ƙarami, ko gwaji mai tsawo, tana iya cinye amsar.

Takardun Turai suna cewa a guji masara da sukarin rake kwana biyu kafin gwaji. A can abu ne mai sauƙi, sukarinsu ma yawanci na gwoza ne. A nan jerin ya zama fura, tuwo, kunu, koko, masa, aya, rake, shayi mai sukari, lemon kwalba. Na taɓa karanta wa wata dattijuwa jerin, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ɗana, kwana biyu ba hura? To mi za ni sha?" Na ce, "Inna, shinkafa da wake, da rogo." Ta yi dariya ta ce to. Na san wannan "to" ɗin, na ladabi ne.

Abin da nake yi shi ne, ina roƙon a koma shinkafa da wake da taliya da man gujiya na kwana biyu, amma ba na dogara da shi, don kitsen jiki ba ya manta shekarun hatsi cikin kwana biyu. Kowane mutum yana zuwa sau biyu. Ranar farko ya ci ƙwai da burodi iri ɗaya, daga kaji ɗaya da gidan burodi ɗaya, ba tare da shaida ba, ya hura duk kwalaben. Bayan sati ya dawo a yi da shaida. Layin ranar farko ake cirewa daga na biyu, lokaci da lokaci, minti 15 daga minti 15. Kuɗin kwalabe ya ninka, kuma dole ka sa shi a kasafi tun farko. A takardar kowane mutum kuma akwai layin abin da ya ci jiya da shekaranjiya, kuma ba ni nake tambaya ba. Wata ma'aikaciya ce ke yi a cikin hira, don ita ake gaya wa gaskiyar ludayi nawa aka sha.